Korayen Kwalaben Heizo

A unguwarmu, Laraba ta biyu a kowane wata ake fitar da kwalabe. Tun da asuba ake jera akwatunan roba uku a gefen rumfar jiran bas: ɗaya na farare, ɗaya na masu ruwan ƙasa, ɗaya na sauran launi. Gida goma sha huɗu ne mu, kuma tsaron akwatunan zagayawa yake yi gida-gida. To amma rabin masu gidajen ciwon gwiwa ya kama su, tawa kuwa ƙalau, sai na shiga karɓar wa mutane. Ana ta yabona, wai Tomie akwai zumunci. Zumuncin me! Son jin ƙwaƙwaf ne kawai. Wanda ya tsaya a kan akwatin kwalabe ya san gidan da ake shan maganin tari, ya san wanda ya yi baƙi ya ɓoye, ya san matar da ta daina jiƙa kayan lambu da hannunta ta koma saye a kanti.

Labarin Kazama Heizo nake so in bayar, sai dai ba yadda za a yi in ba da shi ban tona kaina ba, shi ya sa na fara da halina.

Gidan Heizo yana kallon nawa, titi ne kawai a tsakani. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga masana'antar giyar shinkafa da ke bakin kogi, wadda rabin garin nan ke ci a ƙarƙashinta. Da wankin shinkafa ya fara, cikin ruwan hunturu, har yatsunsa suka tsattsage suka ƙi komawa daidai. Daga baya aka shigar da shi ɗakin zafi, inda ake shimfiɗa turararriyar shinkafa a yi ta juya ta da hannu har ta nuna, kuma a nan ya tsufa. Shekara arba'in da huɗu ya yi. A duk tsawon shekarun nan, daga faɗuwar dusar ƙanƙara har zuwa narkewarta, daddawar waken soya ba ta shiga bakinsa, don an ce ko warinta ya shiga ɗakin sai ya ɓata aikin shekara. Shi kuwa yana son ta kamar me. Ranar da aka gama aikin shekara, matarsa Fusae kan cika masa kwano, ya zauna a bakin ƙofa yana ci yana lumshe ido, mu kuma muna masa dariya daga tsallaken titi.

Marigayi mijina a ƙarƙashinsa ya yi aiki, a wajen wankin kwalabe. Shi ya ce mini Heizo kan tsaya a bakin ƙofar masana'anta ya ja numfashi sau ɗaya, ya ce, "Tukunya ta huɗu ta yi zafi," a je a duba a tarar haka ne. Heizo ba shi da yawan magana, amma in ya yi ta, takan zauna. A wani biki aka taɓa miƙa masa giyar inabi a dogon kofi. Ya ɗaga, ya shinshina, ya ajiye, ya ce, "Abin da aka tattaka da ƙafa za ku ba ni?" Shekara ashirin ana maimaita maganar nan a garin. Ko yaro aka ba wa abin da ba ya so, sai ka ji ya ce an tattaka da ƙafa. A bikin kaka kuma, in an kai gangar sabuwar giya haikali, Heizo ne ke ɗaga gudumar katako ya fasa murfin, shi ne kuma mai kurɓar farko. Ba kuɗi a ciki, ba sarauta, amma da za ka tambaye shi abin da ya mallaka a duniya, da gudumar nan zai fara.

Ba su haihu ba, shi da Fusae. Daga wani tsibiri ya auro ta, kuma matan garin nan, har da uwata, ba su taɓa barin ta ta manta da abu biyun nan ba. Ta rasu shekara uku bayan ya yi ritaya. Bayan shekaru da dama ciwon suga ya kama shi, likita ya ce giyar shinkafa ta ƙare masa, suga ya yi mata yawa. Ba wanda ya faɗa wa. Kowane wata yana zuwa kanti ya sayi babbar kwalba kamar kullum, ya rungumo ta a titi kowa na gani, ran Laraba kuma ya kawo mini ita babu komai a ciki. Daga baya ne na ji ashe finjali ɗaya yake ajiye wa Fusae a gaban hotonta, sauran ya tsiyaye a gindin bishiyar da ke bayan gida.

A watan Maris korayen kwalabe suka fara bayyana. Na fito ƙarfe shida da tsintsiyata, na tarar an riga ni: guda shida a akwati na uku, dogaye masu kafaɗa, irin na giyar inabi. An cire takardunsu tas, ko alamar gam babu. An wanke cikinsu har suna ƙyalli. Kuma ba a tsaye aka ajiye su ba, a kwance suke, kan wannan a gindin waccan, kan waccan a gindin ta gaba.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara talatin ina kallon mijina yana wanke ko da kwalbar miya ce: ya jiƙa ta a ruwan ɗumi har takardar ta zame da kanta, ya sa buroshi, ya ɗaga ta wajen haske, ya kwantar da ita kai da gindi. Ba mai yin haka sai wanda masana'anta ta horar. Idona ya gani, zuciyata ta gane, na kau da kai. Mutanen masana'anta namu ne, ba na son ya zama su.

A watan Afrilu aka sake kawo shida. Sai na ɗauki ƙafa na tafi shan shayi gidan Hoshino Kinuyo, ƙawata tun muna aji ɗaya. Ɗanta ya auro wata yarinya daga can birnin Yokohama mai suna Chisato, shekara huɗu ke nan, ba haihuwa. Yarinya ce mai dariya da ƙarfi, ta rina gashinta ja-ja, tana tuƙa ƙaramar motar kamfanin kai saƙo, ita ke raba kaya a duk gefenmu na kogi. Ƙarfe biyar da rabi take fita aiki, kuma ta gaban rumfar bas take wucewa.

Na ce, "Kinu, ni fa kin san ba na son magana."

Ta ce, "Ke? Ranar da kika daina son magana sai mu kira likita. Faɗi mu ji."

"Kwalabe ne. Shida-shida, kore, kowane wata. Tun kafin gari ya waye ake ajiyewa, an kankare takardun don kada a gane."

"To na wa?"

"Oho. Ni dai na san duk unguwar nan ba wanda ya tashi ya ga ana shan irin wannan a gidansu. Sai dai ko wanda ya zo daga nesa."

Ban ambaci suna ba. Mu ba ma ambatar suna, ai ba sai an ambata ba. Kinuyo ta ajiye finjalinta a hankali, ta kalli matakalar da ke hawa ɗakin ɗanta, ni kuma na ɗauki wani yankan alawar wake na ci.

Kafin a gama dashen shinkafa maganar ta zaga gida goma sha huɗu ta tsallaka kogi. Aka ce ai shi ya sa ba ciki. Aka ce shi ya sa take dariya kamar namiji. Wata ta ce ta ga motar tana tangaɗi a kan gada, alhali gadar ce ke da rami tun zamanin kakana. Kinuyo ta fara tsayawa a bakin ƙofa da yamma, wai tana karɓar jakar surukarta, ashe numfashinta take shinshinawa. Ta bincike ɗakinsu, ta ɗaga katifu, ba ta ga komai ba, sai ta ce yarinyar ta iya ɓoyo. Ni kuwa kowace Laraba ta biyu mata kan zagaye ni, har da "san" ɗin nan namu na girmamawa, su ce, "Nawa ne yau, Tomie-san?" in ɗaga yatsu shida ina girgiza kai kamar abin ya dame ni.

Ran nan a watan Yuli allon sanarwar unguwa ya iso gidana, wanda kowa ke buga hatiminsa ya miƙa wa gida na gaba. Heizo ne na gaba da ni. Na saba rataye masa a ƙofa, amma hadari ya haɗo, na ji tsoron kada takardun su jiƙe, sai na zaga ta baya. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Na same shi zaune a barandar katako da 'yar singileti, ga mafici, ga gasasshen busasshen kifi da kokwamba mai gishiri a faranti. A gabansa kuwa koriyar kwalba ce tsaye, da takardarta a jiki, an zana ɗan akuya da hannu.

Da ya gan ni sai ya kai hannu zai tura ta bayan butar ban ruwa, ya ga ba ta ɓuya, ya bari. Tsoho ɗan shekara saba'in da bakwai, kunnuwansa suka yi ja wur.

Bakina da ba ya hutawa ya ce, "A'a, Heizo-san! Wannan ba abin da aka tattaka da ƙafa ba ne?"

Ya ce, "Zauna, Tomie-san. Zauna kawai."

Na zauna. Ya daɗe yana kallon lambu, sannan ya ba ni labarin likita da bishiyar bayan gida. Ya ce shekara biyu ya yi yana cin abincin yamma da ruwan sha'ir, har ya fara jin ba abin da ya rage masa a yini da zai jira. Wata rana a ɗakin jiran asibiti ya buɗe mujalla ya ga labarin wasu matasa, miji da mata, a kan tsaunukan Yamanashi, masu 'yar gonar inabi. Ba sa fesa magani, ba sa ƙara suga, ba sa tacewa, barin giyar suke yi ta yi ta aiki har zaƙin ya cinye kansa. Akwai katin oda a tsakiyar mujallar. Ya waiga hagu da dama ya yage shi, shi da bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ya nuna wa likita, likita ya ce finjali biyu tare da abinci, kada ya wuce. Da kwalin farko ya iso ta mota mai sanyi, mako biyu ya yi a ɗakin ajiya bai taɓa shi ba.

"Da na buɗe, sai na shinshina don in samu abin zagi," in ji shi. "Tomie-san, abar nan da ranta. Ji nan."

Ya ɗauko wani ɗan finjalin giyar shinkafa ya zuba mini. Ba ja ba ce, ruwan zuma-zuma ce, ta ɗan gurɓace, da gari-gari a gindin kwalbar. Na ce, "Kai, wannan ai ta lalace." Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun Fusae na da rai. Ya ce, "Haka tamu take kafin a kawo injuna. Ta watan jiya ba ta kama da ta wannan watan, ko kwalba biyu a kwali ɗaya sai ki ji bambanci. Yaran nan hannunsu a ciki yake. Ina jin ranar da suka yi gaggawa, ina jin ranar da suka yi haƙuri."

A kurɓar farko na yamutsa fuska. Tsami ne kamar na ɗanyen 'ya'yan itace, ba zaƙi ko kaɗan, tana ɗan tsikarar harshe, ƙamshinta na busasshiyar ciyawa. A ta biyu na ɗauki kokwamba. A ta uku na miƙa masa finjalin ya ƙara.

Ya shiga ciki ya fito da wasiƙu ɗaure da zare. Ashe a kowane kwali sukan sa masa takarda da rubutun hannu: ruwa ya yi yawa bana, tsuntsaye sun ci gefen gona, ganga ɗaya ta ƙi tashi. Shi kuma yakan mayar musu da amsa shafi uku, yana gaya musu yadda ake lulluɓe ganga da tabarmar kara in sanyi ya hana ta aiki. Suna kiran sa Malam. Yana nuna mini yana murmushi, sai kuma murmushin ya ɗauke. Ya durƙusa a kan katakon, ya dafa hannu biyu a ƙasa.

"Kada kowa ya ji, Tomie-san. Ko zuwa bayan bikin kaka ne. In aka ji, da wane ido zan ɗaga gudumar nan?"

Na ce, "Haba, Heizo-san, ɗago. Na yi maka alƙawari."

A nan ya kamata in gaya masa abin da ake cewa a kan Chisato, don maganar mata ba ta isa kunnen tsohon da ke zaune shi kaɗai. A nan ya kamata in tsallaka gidan Kinuyo in ce na yi kuskure, ko ban faɗi na waye ba. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce wa kaina ai amana aka ba ni. Ƙarya ne, ba amanar nake karewa ba, tsoron ranar da za a ce Tomie ta ƙaga magana nake yi. Mafi muni kuma, na koma. Talata uku a jere ina zagayawa ta baya da ɗan kwanon soyayyen gauta, mu sha finjali bibbiyu muna kallon rana tana faɗuwa a kan gonaki, in fito ina jin daɗin duniya, in gaida Chisato a titi tana dawowa aiki.

A shagon aski Heizo ya ji maganar. Ya fito da rabin kumfa a bayan kunne ya zo ƙofata, bai ko cire takalmi ya hau ba.

"Tun yaushe ake faɗar wannan?"

"Tun Afrilu."

"Wa ya fara?"

Na kalli ƙafafuna. Ya gane.

"Kin sani, kina zaune a barandata kina sha."

Bai ɗaga murya ba. Na so ya ɗaga. Ya ce, "Haka suka yi wa Fusae, shekara arba'in. Ina jin su, ban taɓa cewa uffan ba." Ya juya ya tafi.

Kada ku ɗauka washegari ya fito ya yi magana. Shi ma tsoro ya riƙe shi. Dabarar da ya yi ita ce ran Larabar Agusta bai kawo kwalba ko ɗaya ba, yana tsammanin in ba a gani ba maganar za ta mutu. Ina! Mata suka leƙa akwati na uku suka ga wayam, suka ce, "Kun gani ko? Tun da Kinuyo ta sa mata ido ta daina." Abin da a da zato ne ya zama tabbas. Har wani ya buga waya ofishin su Chisato bai faɗi sunansa ba, aka kira ta aka yi mata tambayoyi, ita da take hura na'urar gwajin giya kowace safiya kafin a ba ta makulli. A farkon Satumba muka ji mijinta yana neman gidan haya a Nagaoka.

Larabar Satumba ta zo, saura wata guda bikin kaka. Ƙarfe bakwai da rabi ne, lokacin da wajen ya fi cika, ga Kinuyo da jakarta, ga mai unguwa, ga mata kusan goma. Sai muka ji ƙarar baro. Heizo ne, sanye da shuɗiyar rigar masana'anta mai tambari a baya, wadda ba ya sawa sai ranar biki. A cikin baron korayen kwalabe goma sha biyu, kowace da takardarta, ɗan akuya yana kallon jama'a. Ya zo gabana bai dube ni ba. Ya riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya yana tsayarwa a akwati. Da ya gama ya juya wajen Kinuyo ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye.

"Hoshino-san, nawa ne. Duka, tun na Maris. Ni nake sha, ni nake kankare takardun. Surukarki ba ta taɓa kurɓa ba. Ita ke kawo mini kwalin kowane wata, na roƙe ta ta riƙa shigowa ta baya ta rufa shi da mayafi, ta kuma yi. Ni na ja mata wannan. Ki gafarce ni."

Wayyo ni! Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Mako uku na yi ina sha daga kwalaben nan, ban taɓa tambayar kaina wace mota ke kawo su ba, alhali mota ɗaya ce ke raba kaya a gefenmu. Yarinyar ta san na waye tun ranar farko.

Kinuyo ta juyo. Ni ta kalla.

"Tomie, kin sani?"

"Tun Yuli."

Ta zuba kwalabenta a akwati ba ta ko ware launi ba, ta tafi. Na tsaya na ware mata su.

Da yamma na sa kayan kirki, na ɗauki kwalin alawa na je gidansu. Chisato ce ta fito, ba ta ko cire rigar aiki ba. Na sunkuya na faɗi duk abin da ake faɗa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta karɓi kwalin da hannu biyu, ta ce ba komai. Da na tafi a nan da ya fi mini, amma bakina ya ce, "'Yar nan, me ya hana ki faɗa? Kalma ɗaya ai ta isa."

Ta ce, "Abin da na kai gidan wani ba nawa ba ne, Inna, balle in faɗa. Kuma Baba Heizo ya roƙe ni."

"Ko ki ce ba naki ba ne?"

"Da an tambaye ni da na ce. Na yi ta jira. Wata biyar ba wanda ya tambaye ni, shinshina ta kawai aka yi ta yi."

Ban san yadda na iso gida ba. Na zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafata har sauro ya tashe ni.

Shi kuwa Heizo, kun san abin da garin ya yi masa? Dariya. Mako ɗaya aka yi ana dariya. Mai aski ya sa masa suna Bature. Tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa ɗaga masa ƙafa in sun haɗu a titi, suna cewa, "Malam, a tattaka maka?" Mai masana'anta da kansa ya zo da finjali a aljihu ya ce a ɗanɗana masa, ya sha, ya ce lallai akwai aiki a ciki, ya karɓi adireshin. Ranar biki aka miƙa wa Heizo guduma kamar kowace shekara, ya fasa murfin, ya taɓa giyar a leɓe, aka tafa. Abin da ya kwana yana tsoro har ya bar yarinya ta ɗauka a kanta, ko ƙwarzane bai yi masa ba.

Bayan bikin na same shi a baranda, karo na farko tun ranar aski. Bai kore ni ba, bai kuma ɗauko finjali na biyu ba. Ya ce ya yi niyyar rubuta wa yaran Yamanashi su daina aikowa, har ya fara wasiƙar ya yage. Ya ɗaga finjalinsa ya kalli gari-garin da ke ciki, ya ce, "Abin da ya fi ba ni kunya, Tomie-san, har yanzu da daɗinta."

Yana nan da ransa, ya haura tamanin, sugansa ya daidaita, kwalinsa na zuwa kowane wata ta ƙofar gaba. Kwalabensa yana kawo su da rana tsaka da takardunsu, sai dai har yau ya kasa hana hannunsa kwantar da su kai da gindi. Ni na daina karɓar wa kowa tsaro. Kinuyo ita kaɗai ce a babban gidan nan, ɗanta yana zuwa da sabuwar shekara, shi kaɗai. Muna gaisawa, amma ba ta ƙara ce mini in shigo shan shayi ba.

A ƙarshen Oktoba Chisato da mijinta suka tashi. Ranar aikinta ta ƙarshe ina sharar ganye a ƙofar gidana, motarta ta tsaya a gaban gidan Heizo. Ta buɗe baya ta ɗauko kwalin, ba mayafi, ta ɗora a kafaɗa. Na so in shige ciki, ƙafata ta ƙi. Ta hango ni, ta tsaya a tsakiyar titi, ta ɗan sunkuya da ladabi kamar yadda take yi kullum, ta bubbuga gefen kwalin da tafin hannu.

"Shida ne, Inna," ta ce. "Na hutar da ke ƙirga."

Ta juya ta danna ƙararrawar Heizo. Ni kuma na ci gaba da share wurin da na riga na share.